Yadda ake sarrafa haske don hana kirisantimum yin fure da wuri a Jos

Duk wanda ya taɓa dasa kirisantimum, furen ado da ake yankawa a sayar, a Jos ba tare da fitila ba ya san wannan takaicin. Ka samo dashe mai kyau, ka gyara ƙasa, ka zuba taki, kana ban ruwa a kan kari, amma shukar ba ta wuce santimita 20 ko 25 ba sai ga ƙullin fure a kanta. Daga ranar tsawo ya ƙare. Furen zai buɗe, zai ma yi kyau, sai dai masu shagunan fure da masu ƙawata wuraren biki a Abuja kara mai santimita 70 zuwa 80 suke nema, wanda zai tsaya a cikin tulun gilashi ko a ɗaure shi dami. Gajeren kara ko an saya, a wulaƙance ake sayensa.

Da yawa sukan ɗora laifin a kan iri, wasu su ce taki ne bai isa ba, su ƙara zuba yuriya har ganye ya ƙone. Ba a nan matsalar take ba. Tsawon dare ne ke sa wannan shuka ta yi gaggawa, kuma da ƙwan fitila da agogon kunna wuta ake maganinsa.

Abin da ke faruwa a cikin shukar

Manomin dawa ya riga ya san rabin wannan karatu. Ɗauki kaura ko farfara irin na gargajiya: wanda ya shuka da ruwan fari da wanda ya makara da sati uku, kusan lokaci guda dawarsu take fid da kai, daf da ɗaukewar damina. Bambancin kawai shi ne ta mai makara ba ta yi tsawo ba. Haka waken kanannado, haka yakuwa. Waɗannan tsirrai ba kwanakin da suka yi a ƙasa suke ƙirgawa ba, jira suke dare ya kai wani tsawo, sannan su bar yin ganye su koma yin fure.

A 1920 ne wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana wannan ɗabi'a bayan gwaji da wani irin taba da waken suya. Da farko an ɗauka gajartar yini ce ke jawo furen. A 1938 Hamner da Bonner suka nuna cewa duhun ne shukar ke aunawa, domin idan aka haska ta na ɗan lokaci a tsakiyar dare, sai ta ƙi yin fure ko da yinin gajere ne. A cikin ganye akwai wani sinadari mai jin jan haske, da rana yana cikin wani yanayi, idan duhu ya yi sai ya riƙa juyawa a hankali. In duhun ya daɗe ba a katse shi ba, ganye ya aika saƙo zuwa kan shukar cewa lokacin fure ya yi. In aka katse, lissafin ya koma farko. Duk aikin da za mu yi a kan wannan katsewar ya dogara.

Yawancin irin kirisantimum na kasuwa suna soma ƙulla fure idan duhun da bai yanke ba ya kai awa tara da rabi, kuma furen yana ci gaba da girma yadda ya kamata idan ya kai awa goma da rabi ko fiye. Yanzu duba inda muke. Jos tana kusa da digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. Yininmu mafi tsawo, a watan Yuni, bai wuce awa 12 da minti 40 da 'yan kai ba, mafi gajarta a Disamba kuma wajen awa 11 da rabi. Ke nan babu wani dare a shekara da bai kai tsawon da zai sa shukar nan ta ƙulla fure ba. A Holan, inda yinin Yuni ke haura awa 16, manomi na samun watannin da shukar ke yin tsawo da kanta. Mu ba mu da wannan gatan, kamar yadda manoman Kenya da Kolombiya ba su da shi, kuma su ma da fitila suke noma wannan fure da suke fitarwa ƙasashen waje. Abin da muke da shi, wanda Abuja ba ta da shi, shi ne sanyin tsauni, domin Jos tana sama da mita 1,200 daga teku. Idan aka haɗa wannan sanyi da fitila, babu dalilin da zai sa furen da ake kawowa daga waje ya fi namu.

Mataki na farko: fara daga uwar shuka

Nan ne aka fi yin asara, shi ya sa na sa shi a gaba. Idan reshen da ka yanko don dashe ya fito daga uwar da take kwana cikin duhu, to ya riga ya karɓi saƙon fure tun yana jikinta. Ko ka haska shi dare duka bayan dasawa, ƙullin da aka riga aka ƙulla ba ya warwarewa. Ido ba ya ganinsa a ranar saye, sai bayan sati biyu ko uku ya bayyana.

Saboda haka idan za ka sayi dashe, tambayi mai shi kai tsaye: uwayen suna kwana da fitila? Da ƙarfe nawa ake kunnawa? In da hali ka je wurin da dare ka gani da idonka. Wanda ya yi maka kame-kame a kan wannan tambaya, bar masa kayansa.

Abin da ya fi shi ne ka ware naka fangalin na uwaye, ƙarami ma ya isa, wanda fitilarsa ba ta hutu ko dare ɗaya a shekara. Ka riƙa tsinke kawunansu a kai a kai, ko kana bukatar dashe ko ba ka bukata, domin reshen da ya tsufa ya tara ganye da yawa yakan ƙulla fure don kansa ko da fitila na ci. Sabon toho mai laushi shi ake so. Bayan wata uku zuwa huɗu ka sabunta uwayen da sababbi, kada ka ji tausayin tsofaffin.

Reshen dashe ya kasance santimita 5 zuwa 7, da ganye uku ko huɗu. A soka shi cikin yashi mai tsabta ko buntun shinkafa da aka babbaka, a inuwa, ana yayyafa masa ruwa. Cikin kwana 10 zuwa 14 zai yi saiwa. Wurin renon nan ma dole fitila ta kai gare shi. Mutane sukan manta da wannan, su haska uwa, su haska gona, su bar tiren reno a wani lungu mai duhu na tsawon sati biyu, alhali wannan ya isa ya ɓata komai.

Mataki na biyu: ƙirga kwanaki daga ranar kasuwa zuwa baya

Alherin wannan aiki shi ne kai ke zaɓar ranar da fure zai buɗe. Kowane iri yana da adadin makonnin da yake ɗauka daga ranar da aka kashe fitila zuwa girbi, yawancin na yanka tsakanin sati 7 ne da 10, kuma 8 ko 9 sun fi yawa. Tambayi wannan adadi wurin mai iri, in bai sani ba ka rubuta da kanka a zagayen farko.

A ce kana harin 14 ga Fabrairu, ranar masoya, lokacin da fure ke tsada a Abuja, kuma irinka na sati 8 ne. Kana so ka yanka wajen 10 ga wata don kaya su isa hannun mai shago da wuri. Sati 8 kafin nan shi ne 16 ga Disamba, ranar kashe fitila ke nan. Sati 4 kafin ta, 18 ga Nuwamba, ranar dasawa. Sati 2 kafin ta, 4 ga Nuwamba, ranar yanko reshe. To amma wannan zagaye zai faɗa tsakiyar hunturu, kuma idan sanyin dare ya sauka ƙasa da digiri 15 shukar takan yi nawa wajen ƙulla fure, a Jos kuwa daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da haka sosai, musamman wajen Vom da Kuru da Barikin Ladi. Don haka matsar da kowace rana baya da sati ɗaya: reshe 28 ga Oktoba, dashe 11 ga Nuwamba, kashe fitila 9 ga Disamba. Furen da ya riga rana da kwana biyu ana iya riƙe shi a ruwa a ɗaki mai sanyi, wanda ya makara da kwana biyu kuwa kasuwa ta watse.

Haka za ka yi wa Kirsimeti, da Ista, da watannin da aka fi ɗaura aure.

Mataki na uku: fitilu da yadda ake rataye su

Ba hasken da zai ciyar da shuka ake nema ba, wannan aikin rana ne. Ɗan haske ake so wanda zai sa ganye ya ji an katse masa dare. Tsohon ma'aunin da manoman fure suka daɗe a kai shi ne lakis 100 (lakis shi ne ma'aunin ƙarfin haske) a kan ganyen sama, da tsohon ƙwan fitila mai zafi ɗan wat 60. Yau ba mai hankalin da zai ɗora wa batir irin waɗannan ƙwayaye. LED ɗan wat 9 yana ba da haske kusan daidai da wancan, da kashi ɗaya cikin shida na wutar. Da LED ka nemi lakis 100 zuwa 150, kuma ka fi karkata ga na saman.

Launin hasken yana da muhimmanci. Akwai fari fat mai ɗaukar ido, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, akwai kuma mai ɗan ruwan ɗorawa, 2700K ko 3000K. Na biyun za ka saya, domin ya fi yawan jan haske, kuma jan haske shi ne ganye ya fi ji. Yawancin masu shagon kayan wuta farin za su miƙo maka don shi aka fi saye, sai ka duba kwalin da kanka.

Ga tsarin da za ka fara da shi a fangali mai faɗin mita ɗaya da ɗan kai. Ja waya ɗaya ta bi tsakiyar fangalin daga wannan kai zuwa wancan, a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Ɗaure ta a jikin wata wayar ƙarfe ko igiya mai ƙarfi don kada nauyin ƙwayayen ya sa ta lanƙwashe a tsakiya. Sa ƙwai ɗaya a kowace mita ɗaya da rabi. Na farko da na ƙarshe su kasance daf da bakin fangalin, kada ka ja su ciki, domin tsirran gefe su ne kullum ke fara ƙulla fure. Idan ka sa wa kowane ƙwai 'yar hula ta kwano ko farantin alminiyam a samansa, hasken da zai tafi sama a banza zai dawo ƙasa, kuma hular za ta kare shi daga raɓa.

Fangali mai tsawon mita 15 zai ci ƙwai goma ko sha ɗaya. A irin wannan fangali, da ragar tallafi mai ido santimita 12 da rabi, shuka 64 ke shiga kowace murabba'in mita, wato sama da kara 900. Da damina, lokacin da hadari ke rufe rana, rage su zuwa wajen 50 don iska ta ratsa.

Kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali, auna. Akwai ƙwayayen da aka rubuta wa wat 9 amma haskensu bai kai ba. Saukar da manhajar auna haske a wayarka, ka fita da dare bayan an kunna, ka kwantar da wayar fuskarta na kallon sama daidai kan ganye. Kada ka auna a ƙarƙashin ƙwai, can kullum lafiya lau ne. Auna a tsakanin ƙwai biyu, auna a bakin fangali, auna a kusurwoyi huɗu, auna a bayan kowane ginshiƙi da ke jefa inuwa. Ka tsuguna gefe don kada inuwarka ta faɗa kan wayar. Waya ba ta kai na'urar awo ta gaskiya daidaito ba, don haka in ta nuna 100 cif a wani wuri, ɗauka cewa wurin yana kan gaɓa, ka matso da ƙwai ko ka ƙara ɗaya.

Wuta da ruwa za su zauna wuri guda, saboda haka a yi hattara. Holda mai roba wadda ruwa ba ya shiga, kowane haɗin waya a naɗe shi da kyau kuma ya kasance a sama, a kuma sa abin katse wuta a farkon layin. In ba sana'arka ba ce, kira mai gyaran wuta. Yaron da ke ban ruwa da asuba ƙafarsa a jiƙe take.

Mataki na huɗu: lokacin kunnawa, da wutar da ba ta yankewa

Kunna da ƙarfe 10 na dare, kashe da ƙarfe 2. Awa huɗu ke nan a tsakiyar dare. A Disamba rana na faɗuwa a Jos wajen 6 da minti 10, ta fito wajen 6 da minti 40. Da wannan tsari duhun farko bai kai awa huɗu ba, na biyu bai kai biyar ba, kuma babu ɗayansu da ya kusanci abin da shukar ke jira. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce kada duhu ya haura awa bakwai a jere.

Wasu sukan kunna tun magariba su bar ta har 11, suna ƙara wa yini tsawo. Yana aiki, amma ya fi cin wuta, kuma duhun da ya rage bayan an kashe yakan kai awa bakwai ɗin nan ko ya ɗan haura. Wasu kuma su bar fitila har gari ya waye, wannan ɓarnar batir ce kawai. Akwai kuma dabarar kunnawa da kashewa, minti 6 a kunne, minti 24 a kashe, cikin waɗannan awa huɗun. Da tsohon ƙwai mai zafi aka saba yin ta. Da LED ban ba ka shawarar farawa da ita ba, wutar da za ka rage ba ta kai kasadar ba. In ka ƙware, gwada a ƙarshen fangali ɗaya ka gani.

Kada ka dogara da mutum ya tashi ya kunna. Mai gadi ɗan Adam ne, barci zai ɗauke shi, wata rana zai yi tafiya. Sayi taima, wato agogon da ke kunna wuta ya kashe da kansa. Akwai mai juyawa da ƙananan haƙora, akwai mai lambobi da ɗan batir a ciki. Mai juyawar yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, idan ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, cikin kwana kaɗan sai ka tarar yana kunna fitila da hantsi. Mai batirin za ka saya.

Sai babbar magana, wato wutar kanta. Dare ɗaya da aka rasa ba lallai ya yi ɓarna ba, amma dare uku ko huɗu a jere na iya sa shukar ta ƙulla, kuma kowa ya san ana iya kwana huɗu ba wuta. Ni a ganina wanda ba zai iya tanadin sola ba, gara ya rage girman gonar har ta zo daidai da solar da zai iya saye. Lissafin ba shi da wuya. Ƙwai goma 'yan wat 9, wat 90 ke nan. Sau awa huɗu, wat-awa 360 a kowane dare. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in irin na dalma ne rabi kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Ya isa dare ɗaya har da saura. Farantin sola na wat 200 zai mayar da abin da aka sha ko da rana ba ta yi ƙarfi ba, kuma wannan na da muhimmanci a Yuli da Agusta, lokacin da Jos kan wuni cikin hadari da yayyafi. Da hunturu kuma ƙura ce ke rufe farantin, sai a riƙa goge shi. In ka samu ƙwayaye da taima masu aiki da bolt 12 kai tsaye, ka huta da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, da wutar da take sha. Sai dai layin kada ya yi tsawo sosai, in ba haka ba ƙwayayen ƙarshe za su dushe, ka sa batirin a tsakiya ka yi amfani da waya mai kauri.

Ajiye ƙwai biyu ko uku na ko-ta-kwana. Ƙwai ɗaya da ya mutu ba a lura ba zai bar maka da'irar gajerun tsirrai a tsakiyar fangali.

Mataki na biyar: dasawa da sa ido

Gwada fitilu dare biyu kafin dashe ya shiga ƙasa, kuma daren da aka dasa, a daren za a fara haskawa. Ba a cewa bari su kama tukuna.

Daga nan aikin reno ne irin wanda ka sani: ƙasa mai sakin ruwa, ruɓaɓɓen taki, NPK, ban ruwa ba tare da jiƙa ganye da yamma ba, ɗaga raga sama yayin da shuka ke tashi. A makonnin fitila ne shukar ta fi bukatar abinci da ruwa, domin a nan take gina kara da ganye. Ƙishirwa da yunwa da tsananin zafi suna tsayar da girma, sai kwanakin fitila su ƙare ba a samu tsawon da ake nema ba.

Sau biyu a sati ka duba kawunan, musamman na gefe. Kama kan shukar da yatsu biyu, ka buɗe ƙananan ganyen da ke tsakiya a hankali da farce. In lafiya take, za ka ga ganye cikin ganye, masu tsini, suna naɗe da juna, kuma kowane sabon ganye yana da yanka-yankan gefe irin na manyan. In ta ƙulla, tsakiyar za ta yi dunƙule, da ɗan tauri in ka taɓa, kuma ganyen da ke daf da wurin za su fito sirara, dogaye, ba yanka a gefensu. Waɗannan siraran ganye su ne alamar farko, sukan bayyana kafin ƙullin ya fito fili. Wanda ya saba yana hango su daga bakin fangali.

Inda alamar ta fito shi zai gaya maka mai laifi. In a gefe ne ko a kusurwa, haske bai kai ba. In da'ira ce a wuri ɗaya, ƙwai ya mutu ko ya dushe. In fangalin duka ne lokaci guda, wuta ta yanke na kwanaki ko taima ya rikice. In kuwa nan ɗaya can ɗaya ne ba tsari, tun daga uwa aka kawo matsalar.

Idan ƙalilan ne, tuge su ka huta. Idan da yawa ne kuma shukar ba ta yi nisa ba, gyara hasken a daren, sannan ka yanke kan sosai, ka bar ganye huɗu ko biyar daga ƙasa, don sabon toho ya fito daga idanun da saƙon bai kai gare su ba. Tsinke ƙullin kaɗai ba ya wadatarwa, rassan da ke kusa da shi su ma sun riga sun karɓa. Ka bar toho biyu ko uku masu ƙarfi. Za ka yi asarar sati biyu zuwa uku, karan kuma ba zai kai kaurin na farko ba, wani lokacin ma sabon tohon ya sake ƙullawa. Ka sake lissafin ranar kasuwa tun a lokacin, ka sanar da mai sayenka.

Mataki na shida: kashe fitila, da tsare duhu

Kalanda na cewa sati 3 zuwa 4, amma tsawon shukar ne ke yanke hukunci. Idan yawancinsu sun kai santimita 30 zuwa 35, a kashe. Kada ka jira su kai tsawon da kasuwa ke so, domin bayan an kashe fitila shukar na ci gaba da miƙewa har ta ninka tsawonta ko fiye kafin fure ya buɗe. Wanda ya wuce sati biyar ko shida yana haskawa zai samu dogon kara mai rauni da ke kwanciya, ya kuma ɓata kwanaki da wuta. A kashe gaba ɗaya a dare guda, ba a ragewa kaɗan-kaɗan.

Daga wannan dare bukata ta juya. Hasken da ka yi wata guda kana lallashi yanzu shi ne abin gudu. Fita da ƙarfe 11 ka tsaya a cikin fangalin ka duba ko'ina. Fitilar tsaro ta gida, fitilar titi mai sola, ta maƙwabci da ke kan katanga, har da fitilar fangalin uwaye ko na sabon dashe da ke gefe, duk suna iya jinkirta fure ko su sa ya fito a karkace, wani ya buɗe wani ya tsaya kore. In kana dasawa kashi-kashi don ka riƙa girbi kowane sati biyu, to dole ka rataya labulen baƙar leda mai kauri tsakanin fangalin da ake haskawa da wanda aka kashe wa, ya tashi daga ƙasa ya wuce tsayin ƙwayayen. A ja shi da yamma, a yaye da safe. Kowane fangali kuma ya samu makunninsa daban. Shiga da tocila na ɗan lokaci don duba wani abu ba zai rusa aiki ba, amma kada ya zama al'ada.

A mafi yawan shekara darenmu ya isa ba sai an rufe ba. Sai dai daga Mayu zuwa Yuli, idan aka cire hasken da ke saura bayan faɗuwar rana da wanda ke riga fitowarta, duhun gaske bai fi awa goma da rabi da ɗan kai ba, kuma wasu irin masu jinkiri sukan yi nawa a kan wannan gaɓa. In ka lura da haka a irinka, rufe fangalin da baƙin yadi ko leda daga 6 na yamma zuwa 7 na safe har ƙullin ya fara nuna launi. Kada ka rufe da sauran zafin rana, domin zafin da ke taruwa a ƙarƙashin leda shi ma yana jinkirta fure, gumin da ke ciki kuma yana kawo tsatsar ganye. Wanda ke gwada wannan noma a Abuja, zafi ne zai fi ba shi wahala fiye da haske, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, don haka ya nufi zagayensa ga watannin sanyi.

Wajen sati uku zuwa huɗu bayan kashe fitila ƙulle-ƙullen za su fito sarai. A nan za ka zaɓi siffar da kake so. In babban fure ɗaya kake nema a kan kara, cire duk na gefe tun suna ƙanana ka bar na tsakiya. In irin mai reshe-reshe ne, na tsakiyar za ka cire don na gefen su taso daidai da juna.

Masu renon fonsetiya, jan ganyen nan na Kirsimeti da asalinsa daga Meziko yake, da wannan kayan aiki za su yi amfani, sai dai ita tana bukatar dare mafi tsawo, kusan awa 12, kafin ta juya. A haska ta daga 10 zuwa 2 har ta cika tukunya, a kashe a farkon Oktoba, kuma ta fi kirisantimum ƙin hasken da ya ɓato, don haka a nisanta ta da kowace fitilar tsaro. Tana ɗaukar sati 8 zuwa 10 kafin ta yi ja sosai.

Ranar yanka, a fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. Mai reshe-reshe ana yanka shi idan fure uku ko huɗu sun buɗe, mai fure ɗaya kuma kafin tsakiyarsa ta gama buɗewa. A yanka ɗan sama da ƙasa inda karan bai yi itace ba, a zage ganyen kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, a tsoma cikin bokitin ruwa mai tsabta nan take, a bar shi a inuwa ya sha na wasu awanni kafin a ɗaure a sa a kwali. Motar da za ta bi ta Akwanga zuwa Abuja ta tashi da asuba ko da dare, kuma kwalin kada ya zauna kusa da inji ko a ƙarƙashin buhunan dankali.